Zare da kwarkwaro: tarihin histon, daga jinin dinya zuwa masassarar daminar Diffa

 Yau za mu bar tarihin sarakuna da yaƙe-yaƙe ya ɗan huta, mu ɗauko tarihin wani abu da ido ba ya gani, amma yana jikin kowa. Ga tambayoyi uku. Me ya sa yaro ɗaya yake kamuwa da masassarar cizon sauro bana, ya warke, baɗi kuma ta dawo masa kamar jikinsa bai taɓa saninta ba? Me ya sa ido da hanta suka bambanta, alhali rubutun gado ɗaya ne a cikinsu? Kuma ta yaya yunwar da uwa ta sha da ƙaramin ciki za ta bar tabo a jikin ɗanta har ya kai shekara 60? Duk hanyoyin amsar suna bi ta wurin yadda jiki yake naɗe rubutun gadonsa, kuma a tsakiyar wannan naɗi akwai wani furotin mai suna histon.

Zare mai mita biyu

Waɗanda suka zauna a ajin SVT a kwaleji ko lise za su tuna: jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ɗakuna da ake kira selil, kuma a cibiyar kusan kowace selil akwai ADN, wato zaren da aka rubuta gadon mutum a kansa. Idan aka warware ADN na selil ɗaya tak aka miƙe shi, zai kai wajen mita 2. Cibiyar da yake zaune a ciki kuwa faɗinta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba. To yaya aka yi ya shiga?

Duk wanda ya taɓa zama wurin tela ko masaƙi ya san amsar: naɗe shi ake yi. Zaren ADN yana naɗe a kan ƙananan kwarkwaro, kuma kowane kwarkwaro histon 8 ne suka haɗu suka yi shi, bibbiyu daga iri huɗu da ake kira H2A, H2B, H3 da H4. Zaren yana zagaya kwarkwaro kusan sau biyu, tsawon harafi 147 na rubutun, sannan ya wuce zuwa na gaba. A selil ɗaya akwai irin wannan kwarkwaro wajen miliyan 30.

Mutum yana da jen, wato babi-babi na wannan rubutu, kimanin 20,000. Ba duka ake karantawa a lokaci ɗaya ba. Manoman tattasai na bakin Komadugu sun fi kowa gane wannan: gona ɗaya ce, injin ban ruwa ɗaya, amma fangalin da aka buɗe wa hanya shi ke shan ruwa, wanda aka toshe ya jira. Inda naɗin zaren ya yi sako-sako, selil tana iya karanta babin. Inda ya matse, babin a rufe yake. Selil ɗin ido da ta hanta littafi ɗaya gare su, shafukan da suka buɗe ne daban.

Daga ruɓaɓɓen jini zuwa jinin dinya

A 1869, a garin Tübingen na Jamus, wani matashin likita ɗan ƙasar Suwis, Friedrich Miescher, ya riƙa karɓo tsummokaran ɗaurin miki daga asibiti yana wanke ruɓar da ke jiki. Daga cikinta ya ware wani abu da ba a sani ba a lokacin, wanda daga baya aka gane ADN ne. Bayan shekara 15, a 1884, Albrecht Kossel ya ɗebi jinin dinya, wannan babbar agwagwa, domin jajayen ƙwayoyin jinin tsuntsu suna da cibiya, ba kamar namu ba. A ciki ya sami wani furotin manne da abin da Miescher ya gano, ya raɗa masa suna histon. Kossel ya karɓi lambar Nobel a 1910.

Daga nan histon ya daɗe ba wanda ya damu da shi sosai. Da Watson da Crick suka bayyana siffar ADN a 1953, bisa hotunan da suka fito daga aikin Rosalind Franklin, hankalin duniya duk ya koma kan zaren, kwarkwaron kuwa aka ɗauke shi kamar buhun da aka zuba kaya. Sai dai akwai abin da ya hana wasu barci. A 1969 an gwada histon H4 na ɗan maraƙi da na wata irin wake, aka tarar cikin ƙwayoyi 102 da suka haɗa shi, biyu kawai suka bambanta. Saniya da wake fa! Abin da halitta ta riƙe haka ba canji tun zamanin da ba a iya ƙirgawa, da wuya a ce buhu ne kawai.

Alamomin da ke kan wutsiya

Furotin kamar carbi yake. Ana jera ƙwayoyi ne ɗaya bayan ɗaya, kuma ƙwayoyin iri 20 ne, waɗanda a lakwal muka sani da asid amine. Kowane histon yana da wutsiya da ta leƙo waje daga jikin kwarkwaro. A 1964, a Cibiyar Rockefeller da ke New York, Vincent Allfrey da Alfred Mirsky da abokin aikinsu suka nuna cewa selil tana liƙa wasu ƙananan alamomi a kan histon, ɗaya ana kiranta asetil, ɗaya metil. Suka ce mai yiwuwa waɗannan alamomi ne ke buɗe jen ko rufe shi. Dalilinsu mai sauƙi ne. Wata ƙwaya mai suna lizin tana ɗauke da cajin lantarki na ƙari, ADN kuma na ragi, don haka suna manne wa juna kamar maganaɗisu. Idan asetil ta hau kan lizin, cajin ya mutu, riƙon ya sassauta.

Magana ce mai kyau, amma hujja ta yi ƙaranci, sai da aka yi shekara 32 ana jira. A tsakani, a 1974, Ada da Donald Olins suka ga kwarkwaron da madubin lantarki a jere kamar duwatsu a zare, Roger Kornberg kuma ya bayyana yadda aka gina shi. A ƙarshen shekarun 1980 Michael Grunstein a Los Angeles ya guntule wutsiyar histon a cikin yis, irin wanda ake kumbura burodi da shi, ya ga wasu jen sun kasa rufuwa. Sai a 1996 David Allis da ɗalibinsa James Brownell suka kama anzim ɗin da ke liƙa asetil, daga jikin wata ƙaramar halitta ta ruwan kududdufi mai suna Tetrahymena. Da suka duba, ashe ɗan'uwan wani furotin ne da aka riga aka sani yana kunna jen a cikin yis. A wannan shekara dai ɗakin binciken Stuart Schreiber a Harvard ya kama anzim mai goge alamar, shi ma aka tarar ɗan'uwan wani mai kashe jen ne. Allfrey ya yi gaskiya ke nan.

A 1997 Karolin Luger da Timothy Richmond a Zurich suka fitar da cikakken hoton kwarkwaron. A 2000 Thomas Jenuwein a Biyana ya gano anzim mai sa metil a kan lizin ta 9 ta H3, alamar da ke kulle jen. A shekarar ce kuma Allis da Brian Strahl suka ce waɗannan alamomi, idan aka haɗa su, wani harshe ne da selil ke karantawa: akwai masu rubutawa, akwai masu gogewa, akwai masu karantawa.

Matsalar jiƙo

To a nan aka ci karo da bango. Alamomin ba biyu ba ne, iri-iri ne, kuma wuraren da suke hawa sun fi ɗari. Idan aka ciro histon daga selil mai rai, gauraye yake zuwa: wannan yana da alama uku, wancan biyar, wani ba ko ɗaya. Ku ɗauka kamar jiƙon da aka zuba wa sassaƙe goma. Ko mai ciwo ya warke, wa zai rantse cewa wane sassaƙe ne ya yi aikin? Ganin alama a wurin da jen ke kunne bai nuna ita ta kunna shi ba, ta yiwu zuwa ta yi bayan an kunna.

Mafita ɗaya ce: a sami histon tsantsa, miliyoyi duk iri ɗaya, kowanne da alama guda a wuri guda, sannan a gwada shi da wanda ba shi da ita. Selil ba ta ba da irin wannan. Sai dai a ƙera shi da hannu, kuma a nan ne masana ilimin haɗa sinadarai suka shigo.

Merrifield da ƙwayar roba

Tun a 1963, a wannan Cibiya ta Rockefeller, Bruce Merrifield ya fito da dabarar jera asid amine. Kafin shi, duk ƙwaya ɗaya da aka ƙara sai an tsaya an tace, an busar, an yi asarar rabi. Shi sai ya ɗaure ƙwayar farko a jikin wasu ƙananan duwatsun roba da ba sa narkewa. A zuba ƙwaya ta biyu ta kama, a wanke ragowar da ruwan sinadari, a zuba ta uku, a wanke, haka har ƙarshe, sannan a yanke carbin daga jikin robar. Amfanin wannan ga masu binciken histon a fili yake: idan aka zo wuri na 9 ko na 16, sai a saka lizin da ta riga ta ɗauki alamarta. Merrifield ya karɓi Nobel a 1984, shekarar da mu nan muke fama da fari.

Dabarar tana da iyaka, kuma lissafi ne ya sa mata. A ce kowane mataki yana yin daidai sau 99 cikin 100. Bayan mataki 50, carbin da suka fito ba kuskure ba za su wuce 60 cikin 100 ba. Bayan mataki 100, sun koma 37, kuma marasa kyaun sun yi kama da masu kyaun har rabewa ta yi wuya. Shi ya sa a aikace ake tsayawa wajen ƙwaya 50. H4 kuwa 102 ne, H3 kuma 135.

Ɗinkin da ba a ganin bakinsa

A 1994, a Cibiyar Scripps da ke Kaliforniya, Stephen Kent da Philip Dawson da Tom Muir da Ian Clark-Lewis suka wallafa hanyar ɗinke guntaye biyu. Ana gama guntu na farko da wani ƙugiya mai farar wuta a jiki, a fara na biyu da wata asid amine mai suna sistayin, ita ma mai farar wuta. Idan aka zuba su cikin ruwa, sai su nemo juna su kama, sannan haɗin ya gyara zama da kansa ya koma daidai da wanda jiki ke yi, ba tabo. Sun gwada da wani furotin mai ƙwaya 72, ya fito yana aiki.

A 1998 Tom Muir, ɗan Sikotlan da ya koma Rockefeller, tare da Philip Cole, suka ƙara sauƙaƙa abin. Tun da alamomin galibi a wutsiya suke, me zai sa a wahala da ƙera dukan furotin? A bar ƙwayoyin bakteriya su yi dogon ɓangaren, tunda su ba sa sa masa alama, a ƙera gajeren ɓangaren mai alama da hannu, a ɗinke. Akwai sauran wata matsala: histon ba su cika samun sistayin ba. Sai aka koyi saka ta a wurin ɗinki, bayan an gama a cire mata farar wutar ta zama alanin, wadda histon ke da ita da yawa. Wannan gyara ya fito daga ɗakin binciken Dawson a 2001. Daga baya wasu suka kawo nasu hanyoyin: Kevan Shokat a San Francisco a 2007, Jason Chin a Kambirij ta Ingila da ya koya wa bakteriya saka lizin mai asetil da kanta, Ashraf Brik a Isra'ila, da Lei Liu a jami'ar Tsinghua ta Beijing.

Abin da ƙerarren histon ya nuna

A 2006 Michael Shogren-Knaak da Craig Peterson a jihar Massachusetts suka ƙera H4 mai asetil ɗaya tak a kan lizin ta 16, suka naɗa ADN a kai. Jerin kwarkwaron da ba shi da alamar ya dunƙule ya matse. Mai alamar ya ƙi dunƙulewa. A ka'ida wutsiyar H4 takan kama jikin kwarkwaron da ke maƙwabtaka da ita, asetil ɗin nan kuwa ta hana. Shekara 42 bayan Allfrey, aka ga da ido cewa alama guda ta isa ta sassauta naɗin.

A 2008 Robert McGinty a ɗakin binciken Muir ya yi abin da ya fi wannan wuya. Ya liƙa wani furotin sukutum mai ƙwaya 76, ubikitin, a kan lizin ta 120 ta H2B. Sai aka ga wannan alama ita ke tayar da wani anzim mai suna Dot1L ya je ya sa metil a kan H3. Wato alamomin suna magana da junansu. Wannan anzim kuma yana da hannu a wata irin sankarar jini da ke kama jarirai.

A 2012 likitoci a Kanada da Amurka suka gano cewa a wata muguwar sankarar ƙwaƙwalwa ta yara, kusan 8 cikin 10 na masu ita suna da canjin ƙwaya ɗaya a H3, a wuri na 27. Shekara ɗaya bayan haka ɗakunan binciken Allis da Muir, wanda a lokacin ya koma Princeton, suka nuna da ƙerarrun guntaye cewa gurɓataccen histon ɗin yana maƙale wa anzim mai sa alamar kullewa, ya hana shi aiki a faɗin selil. Magunguna ma sun fara fitowa: a 2006 Amurka ta amince da vorinostat, wanda ke toshe anzim mai goge asetil, don wata sankarar fata. Allis da Grunstein sun karɓi lambar Lasker a 2018, Allis kuma ya rasu a watan Janairun 2023.

Ƙwayar masassara mai riga 60

Yanzu mu dawo gida. Kowa ya san yadda asibitocinmu ke cika daga watan Agusta zuwa Oktoba, balle a shekarun da Komadugu ta yi ambaliya ruwa ya kwanta a unguwanni. Ƙwayar cutar da sauro ke kawowa, Plasmodium falciparum, ita ma tana da histon, kuma da shi take yi mana wayo.

Idan ta shiga jan ƙwayar jini, sai ta fito da wani furotin a bayan ƙwayar, wanda ke manna ta a bangon jijiya don kada jini ya kai ta saifa a hallaka ta. Garkuwar jiki takan gane wannan furotin ta yi masa makami. Amma cutar tana da jen wajen 60 na yin sa, waɗanda aka gano a 1995 aka kira su var, kowanne da kamanninsa. Ɗaya take sawa a lokaci guda, kamar mai riga 60 a akwati. Da jiki ya gane rigar, wasu daga cikin ƴaƴanta sun riga sun canza wata. Daga 2005 zuwa 2009 masu bincike, ciki har da Artur Scherf na Cibiyar Pasteur a Paris, suka nuna yadda take kulle sauran 59 ɗin: metil uku a kan lizin ta 9 ta H3, irin alamar nan ta Jenuwein, da wani furotin HP1 da ke zama a kanta kamar kwaɗo a ƙofa. Don tabbatar da cewa HP1 wannan alama yake kamawa, ƙerarrun wutsiyoyin histon aka jefa masa, kamar yadda masunci ke maƙala abinci a ƙugiya.

Wannan yana cikin dalilan da suka sa babba ya fi yaro juriya: ya ga riguna da yawa. Shi ne kuma ya sa mai cikin fari take shan wuya ko da ta girma cikin sauro, domin akwai riga guda da cutar ke sawa don manne wa mabiyiya, wadda jikin mace bai taɓa gani ba sai da ciki. A 2014 an ƙara gano cewa wannan kwaɗo na HP1 ne ke tsare jen ɗin da ke mai da cutar irin da sauro ke ɗauka ya kai wa wani. Ana neman maganin da zai ɓalle kwaɗon, amma cikin abubuwan da ke hannunmu akwai gidan sauro, da maganin rigakafin da ake ba yara ƴan wata 3 zuwa 59 kowane wata da damina, wanda Nijar ta fara a 2013, da wanda ake ba masu ciki wurin awo.

Yunwa da abin da take bari

Alamomin nan ba daga sama suke faɗowa ba, daga abinci jiki ke ƙera su. Asetil tana fitowa daga ƙona sukari da mai. Metil kuwa, ko ta kan histon ko ta kan ADN kansa, tana bi ta wata hanya da ke buƙatar folat, da bitamin B12, da kolin, da metiyonin, abubuwan da ake samu a kifi, ƙwai, nono, nama, wake da ganye.

Daga ƙarshen 1944 zuwa Mayun 1945, sojojin Jamus sun toshe abinci ga yammacin Holan, mutane wajen 20,000 suka mutu. Da yake asibitocinsu sun ajiye takardun haihuwa, an bi yaran da ke ciki a lokacin har tsufansu, aka ga sun fi yawan ƙiba da ciwon sukari da na zuciya. A 2008 Bastiaan Heijmans da Lambert Lumey suka auna jinin waɗanda aka ɗauki cikinsu a tsakiyar yunwar, suka gwada da na ƴan'uwansu uwa ɗaya uba ɗaya. Bayan shekara 60, metil ɗin da ke kan wani jen na girma, IGF2, ya fi ƙaranci a wurinsu.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne na Gambiya. A ƙauyen Keneba, masu binciken hukumar MRC ta Ingila suna rubuta haihuwa da mutuwa tun wajen 1950. Can ma kamar nan, damina ce lokacin da rumbu ke ƙarewa ga aikin gona ya yi yawa. A 1997 Sophie Moore da Andrew Prentice suka wallafa cewa waɗanda aka haifa a watannin yunwa sun fi mutuwa da ƙuruciya bayan sun balaga. A 2010 da 2014 aka nuna cewa lokacin da aka ɗauki cikin yaro, damina ko rani, yana canza yawan metil a wasu wurare na ADN ɗinsa, kuma canjin yana tafiya da abin da ke cikin jinin uwa a makonnin farko.

Sai mu yi hattara da abu uku. Abin da aka auna a Holan da Gambiya alama ce a kan ADN, ƴar'uwar ta histon da suke aiki tare. Na biyu, da aka maimaita binciken mace-macen nan a Niakhar ta Senegal da Matlab ta Bangaladash, ba a sami irin sakamakon Keneba ba. Na uku, maganar cewa tabon yana wucewa har jikoki, masana suna gardama a kanta har yau.

Duk da haka, wanda ya san tarihin ƙasar nan dole ya tsaya ya yi tunani. Kakanni sun ba da labarin Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Iyayenmu sun ga farin 1973 da 1974, lokacin da tafkin Cadi, wanda ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya rabu biyu ya ja baya ya bar N'Guigmi a tudu. Sun ga ta 1984 da 1985, wadda aka laƙaba wa El Buhari saboda rufe iyakar Najeriya. Mu da kanmu mun ga 2005. Sannan daga harin Bosso da Diffa na 6 ga Fabrairun 2015, aka kwashe mutanen tsibirai, dokar ta-ɓaci ta tsayar da kamun kifi da cinikin tattasai na tsawon lokaci, dubban iyalai suka zauna a bakin hanyar RN1 da sansanin Sayam. Kifin da aka rasa a waɗannan shekaru, ban da kuɗin da yake kawowa, shi ne B12 na matan da ke da ciki. Yaran da aka haifa a lokacin ga su nan a makaranta.

Abin da ya rage gare mu

Kada wani ya ɗauki wannan ya ce yaron da aka haifa a gudun hijira ya lalace, ko ya ɗora wa uwarsa laifi. Bambancin da aka auna ƙanƙane ne, a taron jama'a ake ganinsa, ba a goshin mutum ɗaya ba, kuma ba uwa ce ta rufe tafki ba. Haka nan duk wanda ya zo muku da kwalba a kasuwa ko a WhatsApp yana cewa tana wanke jen ko tana gyara gado, ku riƙe kuɗinku.

Darasin da ya tabbata shi ne na lokaci. Makonnin farko na ciki, tun kafin mace ta tabbatar, suna da nauyi ƙwarai. Don haka maigida, abincin amarya da na matar da ke shirin sake haihuwa ba a jira sai ciki ya fito. Idan banda ta shigo gida, ko ƙwai, ko nono, a fara da ita. A je awo da wuri a CSI, a sha ƙwayoyin ƙarin jini masu folat da ake bayarwa. Masu rabon tallafi su ma su tuna da ƴan mata da matan da ba su kai ga ciki ba, kada a tsaya kan yaron da tamowa ta riga ta kama.

Ɗalibanmu na lise da na Jami'ar Diffa, wadda aka kafa a 2014, ku lura da abu guda a tarihin nan: Keneba ƙauye ne, abin da ya sa duniya ta san shi rajista ce da aka riƙe shekara da shekaru ba yankewa. Muna da CERMES a Yamai, muna da Jami'ar Abdou Moumouni, kuma cutar da ake nazari a Paris a jinin ƙannenmu take. Dattawa kuma muna roƙonku, ku aiko mana da sunayen da aka ba shekarun yunwa da Kanuri, da Fulatanci, da Tubanci, da Larabci, da shekarar da kowace ta faɗo, mu haɗa su mu karanto a shiri na gaba. Mu kwana lafiya.